Yadda Ake Gano Wuraren Zamiyar Ƙanƙara Masu Buɗewa da Wuri

A wani watan Oktoba, ana shirin girbin dawa a Birnin Malam, manoman Aliero kuma suna ta lallaɓa irin albasa, ƙanena da ke karatu a Turkiyya ya bugo mini waya. Ya ce, "Yaya, ina son in gwada wasan nan na zamiya a kan dusar ƙanƙara tun kuɗin masauki bai tashi ba. Ina ne aka buɗe yanzu?" Sai da na dara. Yaron da ko hunturun Jega sai ya kwana jikin murhu! Amma tambayarsa tana da amsa, kuma 'yanmu da karatu ko kasuwanci ke kaiwa ƙasashen sanyi sun yawaita. Ga yadda ake bin sawun abin.

Fara da sanin watan da kake nema. A Turai da Amurka da Turkiyya yawancin wuraren nan daga Disamba suke aiki zuwa Afrilu, don haka "da wuri" yana nufin Oktoba da Nuwamba. A kudancin duniya lissafin a juye yake: Afriski da ke ƙasar Lesoto daga Yuni zuwa Agusta yake aiki, daidai lokacin da mu muke tsakiyar damina. Oukaïmeden na Maroko, a duwatsun da ke kudu da Marrakesh, cire shi daga lissafin sammako. Sai wajen Janairu yake samun ƙanƙara, wata shekarar ma da ƙyar.

Mataki na biyu shi ne gindin maganar. Kada ka tsaya tambayar wane wuri ne ya buɗe, domin amsar bara ba lallai ta yi maka aiki bana ba. Tambayi abin da ke sa shi buɗewa da wuri. Dalilan uku ne, kuma wurin da ba shi da ko ɗaya daga ciki, duk tallar da ya yi, ƙyale shi.

Dalili na farko tudu ne mai tsohuwar ƙanƙara wadda rani ba ya cinye ta. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. Shi ya sa Hintertux a Ostiriya, mai hawa har mita 3,250, ya yi suna da buɗewa kusan duk shekara. Haka Zermatt a Suwizalan, inda motar igiya ke sauke mutane a mita 3,883. A Sölden, nan ma Ostiriya, ake buɗe gasar zamiya ta duniya a ƙarshen Oktoba. Val Thorens na Faransa, wanda garin kansa yake a mita 2,300, yakan biyo baya a ƙarshen Nuwamba. Sai dai tudu shi kaɗai ba ya isa. Chappal Waddi na Taraba mita 2,419 ne, ya ɗara garin Val Thorens tsawo, amma ba a zamiya a kansa, saboda kusancinmu da tsakiyar duniya. Kuma tsohuwar ƙanƙarar ma ta fara gajiya: a ƙarshen Yulin 2022 zafi ya tilasta wa Zermatt dakatar da zamiyar bazara.

Dalili na biyu shi ya fi burge ni, domin dabarar gida ce. Duk wanda ya taɓa sayen ƙanƙara da azumi a kasuwar Jega ya ga yadda ake lulluɓe ta da buhu da dusar katako don ta kai magariba. To, abin da mutanen Finlan suke yi ke nan, sai dai tasu tulin tsauni ce. A Ruka da Levi, kafin sanyi ya wuce sukan tara dusar ƙanƙara wuri guda, su rufe ta da dusar katako ko farin mayafi mai kauri, ta wuce bazara a ajiye kamar albasa a rudu. Wani kaso yana narkewa, kamar yadda albasar ajiya ma ba ta rasa ruɓewa, amma mafi yawa yana saura. Farkon Oktoba sai a yaye, motoci su baje ta a kan hanya ɗaya ko biyu, a buɗe ƙofa. Tun da kayan suna hannu, ranar da irin waɗannan wurare suka sanar ita ce ta fi kowace tabbata. In tikitin jirginka ba mai canzuwa ba ne, nan za ka dosa.

Na uku injin feshi ne. Ana fesa ruwa cikin iska mai sanyi ya daskare kafin ya sauka. Injin yana buƙatar sanyi ya kai wajen digiri 2 ƙasa da sifili, kuma busasshiyar iska ta fi taimaka masa, irin ta hunturunmu da a ce tana da wannan sanyin. A jihar Kolorado ta Amurka, Arapahoe Basin da Keystone da Loveland sukan yi rige-rigen buɗewa a Oktoba; a gabashin ƙasar kuma Killington na jihar Vermont ne ya saba riga kowa. Su waɗannan ba sa iya yanke rana tun da nisa. Dare biyar na sanyi a jere, sai ka ji sanarwa kwana ɗaya ko biyu kafin buɗewa. Ya dace da wanda ke zaune kusa, ba da mai tahowa daga wata ƙasa ba.

Da ka fitar da wurare biyu ko uku, sai mataki na uku, wato rarrabe ranar da aka sa da ranar da aka buɗe. Ranar da ke kan talla kamar shukar binne ce: an zuba iri a busasshiyar ƙasa ana jiran sama. Nemo ranakun da wurin ya buɗe da gaske a shekaru huɗu ko biyar na baya; in suna kusa da juna, alama ce mai kyau, in kuma bara Oktoba ce, bara waccan Disamba, ka san caca ce. Sannan ka shiga shafin wurin na intanet ka nemi kyamarorin da ke nuna dutsen kai tsaye. Hoton talla na tsakiyar Fabrairu ne, kyamara kuwa ta yau ce. In ka ga farin zare ɗaya ya ratsa jar ƙasa, iyakar abin da aka buɗe ke nan.

A nan ne sabon shiga yake yawan shan ƙasa, don "an buɗe" ba ta nufin an buɗe maka. A Turai ana yi wa hanyoyin alama da launi: shuɗiya mai sauƙi, ja matsakaiciya, baƙa ta gwanaye, a Faransa da wasu ƙasashe kuma koriya ta 'yan koyo. A Oktoba sau da yawa 'yan hanyoyin da ke can ƙololuwa kaɗai ke aiki, kuma tawagogin 'yan gasa sun cika su da atisaye tun asuba. Wanda bai taɓa ɗaura allunan zamiya a ƙafa ba, shigarsa nan kamar mai koyon keke ne ya hau titin Jega zuwa Sakkwato ranar kasuwa. Saboda haka rubuta musu tambaya uku: hanya nawa ce a buɗe kuma wane launi, makarantar koyo ta fara aiki, akwai hayar takalma da alluna da hular kwano? In amsar makaranta "tukuna" ce, ka ɗaga tafiyar.

Mataki na huɗu jikinka ne, kuma a nan ba na wasa. Yankinmu na Jega bai kai mita 300 daga teku ba. Daga mita 2,500 iska takan fara ƙaranci, mutum ya ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya. Kwana ɗaya a gindin dutse kafin hawa, da yawan shan ruwa, suna ragewa. Mai ciwon sikila kuwa, tudu da sanyi duk abokan gabarsa ne. Ko wanda yake AS an sha samun saifarsa ta kamu a tudu mai nisa. Ga likita kafin ka sayi tikiti. Ga irin wannan mutum Finlan ta fi sauƙi ta fuskar iska, don tuddan Ruka da Levi ba su kai ko mita 600 ba, amma sanyinta ba ya ragawa. Duba inshora kuma: wadda ake yanka don biza, mai ɗaukar Yuro 30,000, sau da yawa ba ta haɗa da wasannin ƙanƙara ba sai an ƙara kuɗi. Mai karaya a can wani lokaci jirgi mai saukar ungulu ke ɗauko shi daga dutse, kuma masu ɗorin Aliero sun yi nisa.

Maganar biza gajera ce. Ostiriya, Suwizalan, Faransa da Finlan duk bizar Schengen guda ce, ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Mai son Oktoba ya fara tun Yuni. Masauki kuma ka kama wanda ake mayar da kuɗi in ka fasa. Ka lura da tsawon yini in arewa ka nufa: Levi yana cikin yankin da rana kan yi kwanaki ba ta fito ba a Disamba, don haka ka tanadi jadawalin salla, da safa mai kauri.

In duk wannan ya yi maka yawa, akwai ƙanƙarar cikin ɗaki wadda ba ruwanta da wata. Ski Dubai yana aiki tun 2005 a Mall of the Emirates, Ski Egypt kuma tun 2017 a gefen Alƙahira. 'Yan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya suna iya koyon tsayuwa da birki a can cikin awa biyu.

Shi ƙanen nawa, da muka bi matakan nan, sai muka ga ba shi da bizar Turai, bai kuma taɓa zamiya ba. Na ce ya haƙura zuwa Disamba ya hau motar Erzurum, garin da ya karɓi gasar hunturu ta ɗaliban jami'o'in duniya a 2011, inda dutsen Palandöken yake bakin gari kuma yana cikin masu riga buɗewa a Turkiyya. Ya yi mako biyu yana leƙa kyamara kowace safiya. Ran da ya ga hanyar 'yan koyo ta yi fari fat har ƙasa, ya sayi tikiti. Hoton da ya aiko wa Inna, yana zaune ne daɓas a ƙanƙara, allo ɗaya a ƙafa, ɗayan ya yi gaba abinsa.