Zuwa Ga 'Yata Mai Binciken Wake a Kwamfuta

'Yata, innarki ta ce kwana uku ba ki ci abin kirki ba, wai manhajar da kike jera DNA ɗin wakenki ta ƙi buɗe fayil, har kin fara zargin kanki. Da kika zo gida Ɗambatta kin ga abin da na yi. Ƙugiyar da ke kan Ɗ a sunan folda na cire, na mai da ita D, fayil ya buɗe. Kika yi ta dariya, kika koma Kano. Ni kuwa na kwana da abin a raina.

Yawancin manhajojin nan, waɗanda suka rubuta su ba su da ɓ, ɗ, ƙ a harshensu. Wasu an gyara su, wasu har yau in suka ci karo da harafi mai ƙugiya sai su cije. Ki riƙe ƙugiyarki a rubutun kundinki, don nan ne mutuncinta yake, amma sunan fayil da na samfuri ki bar su fayau: haruffan boko tsura, da lamba, da ɗan layin ƙasa a maimakon tazara. Tsarin Newick, wanda ake ajiye bishiyar dangantaka da shi, da baka biyu da waƙafi da ruwa biyu yake gane inda reshe ya rabu. In kika sa ɗayansu cikin suna, ko alamar da muke sawa a 'yan da 'ya'ya, kin karya bishiyar da hannunki. Sunan Newick ɗin ma na wani gidan abinci ne a Amurka, inda masu tsarin suka zauna a 1986. Kada ki ɗauka daga sama aka saukar da shi.

Wannan duk ciwo ne mai ihu, ba ya ba ni tsoro. Mai shiru nake ji. Kin san buhun waken da ƙwaro ya shiga: daga waje tsaf, ɗinki bai motsa ba, sai ranar da aka kwance a tarar da gari.

Excel haka yake yi wa sunayen ƙwayoyin gado. Ki rubuta SEPT2, ya mayar miki 2 ga Satumba. Ki rubuta MARCH1, ya zama 1 ga Maris. Ba ya tambaya, ba ya gargaɗi, a ganinsa taimako ya yi. Tun 2004 masana suka yi kuka a kan wannan. A 2016 wasu masu bincike a Ostareliya suka bi takardu 3,597 da aka buga tare da jerin sunaye a Excel, suka sami ɓarnar a 704, wato kusan ɗaya cikin biyar. Da aka sake dubawa da faɗi a 2021, abin ya kai kusan kashi 31 cikin 100. Kafin nan ma kwamitin HGNC, mai raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan'adam suna, shi ya haƙura ya sauya sunaye 27: SEPT1 ya koma SEPTIN1, MARCH1 ya koma MARCHF1. Sai a 2023 Microsoft ya sa maɓallin kashe wannan shisshigi.

Za ki ce ai ke wake kike yi, sunayenki da Vigun suke farawa. Gaskiya ne. To lambar kunyoyinki fa? Kunya ta 3-1 za ta wayi gari ta zama kwanan wata, samfuri 007 ya koma 7. In kuma kika ajiye fayil ɗin a haka, ba lallai ki iya maido da na asali ba. MARC1 da MARCH1 duk 1 ga Maris suke komawa, wa zai raba miki su? Saboda haka kada ki danna fayil ɗin CSV sau biyu ki bar Excel ya buɗe shi yadda ya ga dama. Ki fara leƙa shi a Notepad, sannan ki shigo da shi ta ƙofar shigo da bayanai, ki gaya masa wannan sahu rubutu ne, ba lissafi ba.

Ga wani da zai iya cizon ki a makon nan. Tsohon tsarin PHYLIP haruffa 10 kawai yake ɗauka a suna. Ƙirga da yatsa: Dambatta_01 da Dambatta_02, in an datse, dukansu Dambatta_0 ne. Wata manhajar za ta tsaya ta yi ƙorafi, ki gode mata. Matsalar ita ce ranar da bishiya ta fito kika rasa wane reshe ne na gonar wa. Ki gajarta tun farko, D01, D02, ki rubuta fassararsu a littafi.

Na ce littafi, na takarda nake nufi. Lokacin da nake aikin gona da manoma, mai awon da na fi yarda da shi ba wanda mudunsa ya fi sabunta ba ne, wanda ya san inda nasa ya lotsa ne, yake cikawa daidai gwargwado. Haka ma manhaja: MEGA tun 1993 take fitowa, ana ta sake ta. BioEdit ta Tom Hall, ta 1999, an daɗe da daina gyara ta, amma ɗalibai na nan suna miƙa wa juna ita a filashi. Ba na hana ki ko ɗaya. Ki dai rubuta wace fitowa kika yi aiki da ita, ranar yaushe, me kika zaɓa. Fayil ɗin da ya zo daga ɗakin gwaji kuwa, ki ajiye shi kamar irin shuka, ba a taɓa shi. Kwafi ake dakawa. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar ajiyewa, ki ƙirga jerin da ke ciki kafin ki ci gaba.

Kada kuma kunya ta sa ki ɓoye. A 2006 Geoffrey Chang, matashin masani da ake ji da shi a Amurka, ya janye takardu biyar, uku daga cikinsu a mujallar Science, saboda wata manhaja ta cikin gida ta musanya masa sahu biyu na lambobi. Wasu masu bincike ne suka fitar da sakamako da ya saɓa wa nasa, ya koma ya duba, ya fito ya faɗa. Ke ma duk tangarɗar da kika gano, ki kai wa malaminki, ki rubuta ta a shafin ƙarshe na littafin, don ƙanwar da za ta gaji kujerarki kada ta yi kwana ukun da kika yi.

Waken da kike gwada naki da shi, IT97K-499-35, wanda aka fitar da taswirar gadonsa a 2019, na cibiyar binciken noma ta IITA ne, kuma shi ne SAMPEA 10 da ake shukawa don ya jure wuta-wuta. Maƙwabcinmu na yamma wuta-wuta ta cinye masa rabin gona bara, kullum sai ya tambaye ni yaushe za ki gama. Na ce masa sai kin sake duba lambar kunyoyinki ɗaya bayan ɗaya.

Ki gai da malaminki. Innarki ta ba direba ƙullin daddawa da kuka, ki je tasha ki karɓa kafin magariba.

Baffanki.