Darasi na Goma Sha Biyu: Tasi da Takardunta

Ɗalibai, kafin ku shiga tasi, ku sani cewa ba kowace mota ce doka ta yarda ta ɗauki fasinja don kuɗi ba. Akwai sharuɗɗan da dole direba ya cika, kuma an kafa su ne domin kare rayukanku.

Na farko shi ne lasin tuƙi. A Nijeriya, sai mutum ya kai shekara 18 yake samun lasin. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a 1988, ita ce ke buga shi.

Na biyu shi ne rajistar mota. Ku dubi lambarta: ta haya tana da jajayen haruffa, ta gida shuɗɗa, ta gwamnati kuwa koraye. Fenti ma alama ce. A Legas an san tasi da ruwan ɗorawa mai baƙin layi, a Abuja kuma da kore mai farin layi. Jami'an VIO su ne ke duba lafiyar mota, kamar birki da fitilu da tayoyi.

Na uku shi ne inshora. Mai mota yakan biya kamfani kuɗi duk shekara; idan motarsa ta raunata wani ko ta lalata dukiyarsa, kamfanin ya biya diyya. Doka ta wajabta wannan a kan kowace mota. Daga ranar 1 ga Janairu, 2023, hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin inshorar motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000.

A nan ne matsalar kabu-kabu take. Inshorarta ta motar gida ce, ba a yi ta don ɗaukar fasinja da kuɗi ba. Idan aka yi haɗari, kamfani na iya ƙin biya, fasinja ya koma yana sayen magani da kuɗinsa. Haka nan takardar jabu ba ta biyan kowa ko sisi. Saboda haka, ku riƙa shiga mota a tasha, inda 'yan ƙungiyar direbobi suka san direba da motarsa. Rigakafi ya fi magani.

Sababbin Kalmomi
diyya: kuɗin da ake biyan wanda aka yi wa ɓarna
jabu: abin da ba na gaskiya ba
kabu-kabu: motar gida da ake haya da ita
wajabta: mai da abu dole

Tambayoyi
1. Mutum zai kai shekara nawa kafin ya sami lasin tuƙi?
2. Ta yaya za ku gane lambar motar haya?
3. Me ya sa kamfani zai iya ƙin biyan fasinjan kabu-kabu?
4. Ku rubuta jimloli uku a kan launin tasi a garinku.