Sojan ruwa Wey da yaƙin Biyafara

Mu nan Nijar ba mu da teku, shi ya sa da wuya mu ga sojan ruwa. Amma maƙwabtanmu na Nijeriya suna da su. Ga labarin wani babbansu, sunansa Joseph Wey.

An haife shi a Kalaba, bakin ruwa, a shekarar 1918. Ubansa Bayarabe ne, uwarsa kuwa ƴar ƙabilar Efik ce. Da gyaran injin jirgin ruwa ya fara aiki. A 1964 ya zama shugaban sojojin ruwa na ƙasar.

A 1966 an yi juyin mulki har sau biyu. Yakubu Gawon ya hau mulki yana ɗan shekara 31. Wey ya girme shi, ya kuma fi shi muƙami, amma ya yarda ya yi aiki ƙarƙashinsa. Ba kowane babba ke iya haka ba.

Ranar 30 ga watan Mayu 1967, Ojukwu ya ce yankin gabas ya ɓalle, ya zama Biyafara. Yaƙi ya tashi a watan Yuli. Aikin da aka ba Wey shi ne ya toshe hanyar teku, kada jirgi ya kai ma Biyafara bindiga ko harsashi. Jiragensa suka sauke sojoji a Boni, inda ake lodin man fetur. A watan Oktoba suka kai su Kalaba, garin da aka haife shi, aka ci shi da yaƙi.

To, sai dai jirgin da ke kawo bindiga, ta hanyarsa busasshen kifi ke shigowa, wanda talakan gabas ke sa ma miya. Da hanya ta toshe, yunwa ta faɗa ma mutane. Yara suka kumbura, gashinsu ya yi ja. Dubban ɗaruruwa suka mutu, yawancinsu ba su taɓa riƙe bindiga ba. A watan Yuli 1968, zamanin Diori Hamani, ɓangarorin biyu sun zo Yamai, an tattauna yadda abinci zai kai ga masu yunwa, amma yaƙi bai tsaya ba sai a watan Janairu 1970.

Wey ya zama na biyun Gawon a 1973. Da aka tuɓe Gawon a 1975, shi ma ya bar aikin soja.

Tambayoyi
1. Wane aiki aka ba Wey lokacin yaƙi?
2. Mi ya sa toshe teku ya kawo yunwa?