Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa lambobin teburina suke tsallake?

Tambaya: Ina adana sunayen ɗalibai a PostgreSQL. Na sa tiriga mai hana shigar da ɗalibi sau biyu, sai na ga lamba ta tashi daga 41 ta dira a 45. Bayanaina ne suka ɓace?

Amsa: Kwantar da hankalinka, malam, babu abin da ya ɓace. PostgreSQL yana kiran nextval ya ciro sabuwar lamba tun kafin tirigarka ta duba layin. Ko ta ƙi shi, lambar ta riga ta fita, kuma ba ta komawa ko da an soke aikin da ROLLBACK. Kamar katin layi ne a banki: ka yagi 42 ka fasa jira, na bayanka 43 zai samu.

Da gangan aka tsara haka. Da lamba tana jiran kowane aiki ya kammala, da kowa sai ya tsaya jiran na gabansa, rumbun bayanan ya yi nauyi. Umarnin ON CONFLICT DO NOTHING, da ya zo da sigar 9.5 a 2016, shi ma yana cinye lamba. Haka INSERT IGNORE a MySQL.

Aikin lambar nan ɗaya ne, ta bambanta wannan layi da wancan. Kada ka ƙirga ɗalibai da ita, akwai COUNT. Kada kuma ka mayar da ita baya da setval, don za ta ci karo da lambobin da aka riga aka bayar. Abin lura kawai shi ne integer yana ƙarewa a 2,147,483,647. Idan layukan da ake ƙi suna da yawa, koma bigint.

Inda maganar ta bambanta shi ne lambar rasit, wadda mai binciken kuɗi zai tambayi ina 42 ta shiga. A nan ka buɗe wani ƙaramin tebur mai riƙe da lamba ta ƙarshe, ka ƙara mata ɗaya da UPDATE a cikin aikin da ke shigar da rasit ɗin. Idan aka soke aikin, ita ma ta koma. Kuɗin da za ka biya shi ne jira, domin layin yana kulle har mai aiki ya gama.

Sannan ina roƙonka, kada ka dogara da tiriga kaɗai. Mutum biyu na iya shigar da ɗalibi ɗaya a lokaci guda, kowannensu ya wuce. Ka sa UNIQUE a kan lambar rajistar ɗalibi tun yau.