Kafin Ka Hau Finestre

Ɗana, mahaifiyarka ta ce mini da zarar an yi hutu za ka bar Turin da kekenka, ka tafi hawan mashigar Finestre. So ta yi in hana ka. Ban yi mata wannan alkawari ba, don na san abin da ke jan zuciyar mai keke idan ya hangi dutse. Amma zauna ka ji.

Daga garin Susa hawan ya haura kilomita 18, kwana bisa kwana, har ka kai mita 2,178. Wajen kilomita takwas na ƙarshe babu kwalta, tsakuwa ce da ƙura, tsohuwar hanyar soja. Na san abin da ka kalla: yadda Chris Froome ya tsere wa kowa a nan a gasar tseren keke ta Giro ta 2018, saura kilomita 80 a gama. Shi da motoci a bayansa, an rufe masa hanya. Kai daga kai sai famfo da kayan faci. Ka sa ƙaramar giya tun daga tushe, ka zauna daram a kan sirdi idan ka shiga tsakuwa, don da ka miƙe tsaye tayar baya za ta yi ta juyawa a banza.

Hawan bai dame ni sosai ba. Wanda ya gaji sai ya sauka ya tura, ba abin kunya ba ne. Gangarowa ce ke hana ni barci.

Za ka isa sama sharkaf da gumi, ga iska. Kowace mita dubu da ka hau, zafi na raguwa da kusan digiri shida. Cikin minti kaɗan yatsunka za su sandare, kuma da su za ka matsa birki. Ina saurayi na taɓa gangarowa wani tudu a Filato da asubar hunturu, na kai hannu birki na ji yatsun kamar ba nawa ba. Allah ne ya sa hanyar ta miƙe a gabana. Shi ya sa tsofaffin 'yan tsere ke cusa jarida a ƙirji kafin su gangara. Kai ka tafi da rigar tare iska da safar hannu, ka sa su kafin ka ji sanyin, ka ci wani abu ko dabino ne.

Ka rage gudu tun kafin kwana, kada ka bari sai ka shige ta. Kada ka riƙe birki ƙam tun daga sama, zai yi zafi ya ƙi kamawa. Ka matsa, ka saki, ka matsa. Gino Mäder ma ƙwararren ɗan tseren keke ne, shekararsa 26, a gangaren Albula na Suwizalan ya faɗi a Yunin 2023, ya rasu washegari.

Ka fita da sassafe, don hadarin duwatsun Alps ya fi haɗuwa bayan azahar. Ka tambaya ko an buɗe hanyar, dusar ƙanƙara kan rufe ta har ƙarshen Mayu ko fiye. Hular kwano a kai, aboki a gefe. Idan ka sauko lafiya, kafin ka sha ruwa ka kira mahaifiyarka, tana nan riƙe da waya.