Haƙuri ba ya hana neman haƙƙi

 A filin amsa wasiƙunku, ta farko ta fito daga wata baiwar Allah a ƙasar Sandamu, ta ce a sakaya sunanta. Maigidanta ya rasu ya bar mata yara huɗu, biyu maza, da gona. Ƙanensa ya riƙe gonar, damina biyu yana nomawa, ko dami ɗaya bai aiko ba. Duk wanda ta kai wa kuka sai ya ce ta bar wa Allah. Tana tambaya, shin haƙuri kaɗai addini ya tanadar wa mai rauni?

Allah ya jiƙan maigidanki, baiwar Allah, ya raya marayun nan. Amsa ita ce a'a. Suratun Nisa'i, aya ta 12, ta ba matar da mijinta ya bar 'ya'ya tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, bayan an biya bashi da wasiyya. Kuma tunda akwai 'ya'ya maza, ƙanen mamaci ba shi da ko taki ɗaya a gonar nan. Aya ta 10 kuwa wuta ta ambata ga mai cin dukiyar maraya.

Ki fara da mai unguwa, sannan dagaci, in ta ƙi ci ki kai gaban hakimi. Ki tafi da dattawan da suka san iyakar gonar. Idan sulhu ya gagara, alƙalin kotun shari'a yana raba gado, kuma zuwa wurinsa ba yanke zumunci ba ne, wanda ya cinye gonar shi ya yanke. Ku kuma masu cewa ta bar wa Allah, ku gafarce ni, da yawanku gudun ɓacin ran mai ƙarfi kuke yi. Mai tausayinta na gaske rakiya zai yi mata.

Sai wani matashi tela daga Mai'adua. Ya ce tun da aka cire tallafin mai a 2023, aka kuma rufe iyakar Kongolam a shekarar, ɗinki ya ja baya har yau, ya daina sa rai da masu hali.

Ɗan'uwa, kada ka yanke ƙauna. Kai ɗan ƙasar Daura ne, ka san labarin Kusugu: a da ruwa na cikin rijiya, amma mutane ba sa ɗiba sai ranar Juma'a. A Madina ma sai da Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya yi waƙafinta, kowa ya sha kyauta. Abin da talaka ke jira a hannun mai hali ba alfarma ba ce, haƙƙinsa ne na zakka, aya ta 60 a Suratut Tauba ta jera masu shi su takwas.

Don haka manomanmu na Baure, Zango, Sandamu, Mai'adua da cikin Daura, in gero ko dawa ya kai nisabi, ɗaya bisa goma ne a noman damina, rabin haka a wanda aka shayar da inji. Masu awaki da tumaki, in sun kai 40 kuma shekara ta zagayo, guda ɗaya ce. Ku fitar da zakkar hatsi tun a masussuka, ku fara da mabuƙatan unguwarku.