Yadda Ake Bin Sawun Aikin ReactOS, Babbar Manhajar da 'Yan Sa-kai Ke Ginawa

Ranar 21 ga Maris, 2025, masu aikin ReactOS suka fitar da sabon zubi mai lamba 0.4.15. Wanda bai san dawan garin ba zai kalli lambar ya ce aikin bai je ko'ina ba: tun watan Fabrairun 1998 ake gina shi da wannan suna, shekara 27 ke nan, bai ma kai lamba ɗaya cikakkiya ba. Amma tsakanin wannan zubi da wanda ya gabace shi akwai gyare-gyare fiye da 8,000, kowanne da sunan mai shi da ranar da ya shiga, kuma duk mai waya da ɗan data zai iya dubawa da idonsa.

ReactOS babbar manhaja ce, irin wadda ke tashin kwamfuta ta riƙe ragamar sauran manhajoji, kamar yadda Windows ke yi, ko Android a waya. Burin masu ita shi ne ta karɓi manhajojin da aka rubuta don Windows, har da direbobin firinta da na sauti, ta tafiyar da su kyauta. Ba kamfani ke da ita ba. Mutane ne warwatse a Jamus, Rasha, Faransa, Amurka da sauran ƙasashe, yawancinsu sai sun tashi daga aikin da ke ciyar da su sannan su zauna su taɓa nata.

Maganar ta shafi gari irin Madarumfa fiye da yadda za a zata. Kwamfutocin da ake buga takardu da su a shagunan kwafi, nan da Maraɗi, da yawansu na gwanjo ne, wasu ta Kano da Katsina suka biyo, suka ƙetaro ta Jibiya da Ɗan Isa. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows XP a Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025. Injinan lafiyarsu ƙalau, an dai wuce an bar su. ReactOS kuwa ƙwaƙwalwa mai megabait 256 ta ishe ta tashi. Saboda haka tambayar ko aikin na ci gaba, da kuma yadda mutum zai tabbatar, ba ta Turawa ce kaɗai ba.

A gayyar noma, ko wanda ya zo da hantsi ya san inda aka kwana: ga kunyoyin da aka nome, ga waɗanda suka rage, sai ya ɗauki hauyarsa ya shiga. Ginin manhaja ba shi da filin da za a leƙa, ma'aikatan ma ba sa ganin juna. Masu wannan aiki sun ɗanɗana kuɗarsu tun da wuri. A 1996 suka fara da sunan FreeWin95, aka yi ta muhawara kan tsari har ƙarshen 1997 ba a fitar da komai ba. Jason Filby ne ya sake tattaro mutane, aka sauya suna da alƙibla. Duk hanyoyin awon da ake bi yau, maganin irin wancan zaman ne.

Abin da ake fara yi shi ne tsayar da abin da ake kwaikwayo. ReactOS ta daɗe da tsayawa a kan Windows Server 2003, ɗan'uwan XP. Wasu na ganin tsufa ya yi masa yawa, amma akwai hikima a zaɓin. Da an ce duk sabon Windows da ya fito shi za a bi, da har yau ba mai iya cewa an matso ko an ja baya. A 'yan shekarun nan an fara shigo da abubuwan da manhajojin Windows Vista da na bayansa ke buƙata, amma a kan wancan tushe ake ɗora su.

Sai rubuta komai. Ba gyaran da ke shiga a ɓoye, ko da harafi ɗaya ne. A da a rumbun Subversion ake ajiya, kowane gyara da lambarsa a jere, har lissafin ya haura 75,000 kafin a koma GitHub a Oktoban 2017. Mai gyara zai miƙa aikinsa, wasu su karanta, su yi tambaya, a karɓa ko a mayar masa ya sake. Amfanin wannan ya fito fili a farkon 2006, lokacin da aka taso da zargin cewa an samo wani ɓangaren rubutun ta hanyar kwance na Microsoft. Aka rufe rumbun na ɗan lokaci, aka bi rubutun fayil bayan fayil, binciken ya ci fiye da shekara guda. Ba don an san wanda ya sa kowane layi da lokacin da ya sa shi ba, da babu ta inda za a fara.

Wannan lissafi yana nan a sunan kowane kwafin gwaji. Za a ga lambar zubi, kamar 0.4.16-dev, sai wata lamba, sai harafin g da gaurayen haruffa da lambobi. Lambar tsakiya tana faɗin gyara nawa aka yi tun da aka buɗe wannan zagaye. Gaurayen ƙarshe kuma shi ne shaidar gyaran da aka tsaya a kai. Wanda ya iya karanta wannan layi ya riga ya san shekaranjiya daga yau.

Mataki na gaba na injina ne, kuma nan ne zuciyar awon. Da gyara ya shiga, wata manhaja mai suna Buildbot za ta ɗebi rubutun gaba ɗaya ta harhaɗa shi ya zama babbar manhaja mai tashi. Ana yin haka da maharhaɗa iri biyu, GCC da na Microsoft, domin kuskuren da ɗaya ya kau da kai a kansa ɗayan ya kama. Idan haɗin ya ƙi, kowa zai ga alamar ja, kuma an san gyaran wa ya jawo. Idan ya yi, sai a tashi sabon kwafin cikin kwamfutar kwaikwayo, wato kwamfutar da ake ƙirƙira cikin wata ta gaske da VirtualBox ko KVM, a sakar masa dubban gwaje-gwaje.

Kowane gwaji ƙaramar tambaya ce mai amsa ɗaya. A ce wa manhajar ta buɗe fayil ɗin da babu shi. Windows na mayar da lambar kuskure 2. In kuwa jakar da aka ce fayil ɗin na ciki ce babu, sai ya mayar da 3. Abin kamar ba komai ba, amma akwai manhajar da in ta ga 2 za ta ƙirƙiri sabon fayil ta ci gaba, in ta ga wata lamba dabam ta tsaya cik. Don haka dole ReactOS ta ba da amsa daidai da ta Windows, har a wurin kuskure. Ana kuma fara gwada tambayar kanta a kan Windows na ainihi, don a tabbatar mai tambayar bai yi kure ba. Da yawa daga cikin gwaje-gwajen an aro su ne daga aikin Wine, wanda tun 1993 yake ƙoƙarin tafiyar da manhajojin Windows a kan Linux.

Sakamakon na taruwa a wani allo da ake kira Testman, inda ake jera kwafi biyu gefe da gefe a ga abin da ya sauya. A nan sabon shiga ke ruɗewa. Yana iya ganin yawan faɗuwa ya ƙaru ya ɗauka an yi ɓarna, alhali gyara aka yi. Dalili kuwa: idan gwaji ya fashe a tsakiya, tambayoyin da ke bayansa ba a yin su sam, ba a kuma lissafa su. Ranar da aka gyara fashewar, sai duk su sami damar gudana, wasu su ci wasu su faɗi. Shi ya sa gwanaye ke kallon adadin da aka gudanar tare da adadin da ya faɗi.

Injina ba sa ganin komai da komai. Kwamfutar kwaikwayo ba ta da ƙura, ba ta da firintar da aka yi wa gyara sau uku, ba a ɗauke mata wuta. Nan ake buƙatar mutum, kuma nan ne ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko mai gyaran kwamfuta a Madarumfa, yake da abin da mai zama a Jamus ba shi da shi. Madannan da ke hannunsa na Faransanci ne, masu farawa da AZERTY. Takardun da yake bugawa na da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Wuta kuma tana iya tafiya yana tsakiyar aiki. Ɗaya daga cikin manyan gyare-gyaren 0.4.15 shi ne koya wa rumbun saituna ya farfaɗo da kansa bayan kwamfuta ta mutu ba shiri. Irin wannan gyara, wanda wuta ke yanke wa da gaske shi ya fi cancanta ya ce ya yi ko bai yi ba.

Ga yadda ake kai ƙorafi. Mutum zai sauko da kwafin gwaji na baya-bayan nan, ya ɗora a faifai ko filash, ya tashi kwamfutar ya zaɓi layin da ke sa manhajar ta riƙa faɗin abin da take yi a ciki. Tsofaffin injina na da wata kafa a baya mai haƙora tara. Ta nan ake jona wayar siriyal zuwa wata kwamfuta, a saita gudu a 115200, bayanan su riƙa zubowa layi-layi har zuwa daƙiƙar da abin ya tsaya. In babu kwamfuta ta biyu, akwai zaɓin da ke zuba bayanan a allo, sai a ɗauki hoto da waya. Daga nan sai kundin ƙorafi na Jira. A fara dubawa ko wani ya riga ya kawo matsalar. In babu, a buɗe sabuwa, za ta sami lamba mai farawa da CORE. Ƙorafin da ke da amfani yana faɗin cikakken sunan kwafin, irin injin, abin da aka danna daki-daki, abin da ya faru, da abin da Windows ke yi a daidai wannan wuri. "Ba ta aiki" kawai ba ya kai kowa ko'ina, kuma abin da za a fara tambaya shi ne, da wane kwafi ka gwada?

Matsalar da aka fi ɗauka da zafi ita ce koma-baya, wato abin da ke aiki a da ya daina. Kamo mai laifi a nan aikin haƙuri ne, amma lissafinsa mai daɗi ne, kuma ba ya buƙatar iya rubuta manhaja. Tsofaffin kwafin gwaji suna nan a ajiye. A ce sauti na fita a wani kwafi, bayan gyara 1,000 ya ɗauke. Ba ɗaya bayan ɗaya za a bi ba. A ɗauko na tsakiya, na 500. In sauti na fita, laifin na gaba. In ba ya fita, yana baya. An zubar da rabi ke nan. A sake raba abin da ya rage, 250, 125, haka-haka, a gwaji na goma an tsaya kan gyara ɗaya tak, da sunan mai shi. Ga mai sayen data da kuɗinsa, saukowa goma ba wasa ba ne, amma rahoton da ya zo da lambar gyaran da ya jawo ɓarna yakan rage wa mai gyara wahalar kwanaki. Bayan an gyara, a kan nemi wanda ya kawo ƙorafin ya sake gwadawa kafin a rufe.

Idan za a fitar da zubi, sai a ware reshe, a daina zuba masa sababbin abubuwa, a shiga farautar koma-baya. Masu gwaji na bin jerin manhajojin da mutane ke amfani da su, irin su Firefox, LibreOffice, VLC da 7-Zip, a rubuta wadda ta yi da wadda ta ƙi. Wasu nasarori kan zama alamar hanya: a 0.4.9 ta Yulin 2018 ReactOS ta iya harhaɗa kanta a kan kanta, abin da ke nuna tana jure aiki mai nauyi. Daga 2016 zuwa 2018 kusan duk wata uku ake fitar da zubi. Sai tazarar ta buɗe: 0.4.13 a Afrilun 2020, 0.4.14 a Disambar 2021, sannan shiru na fiye da shekara uku, alhali lambar tsakiyar nan ba ta daina hawa ba.

Sauran ayyuka irin wannan na da nasu salo. Haiku, wanda aka fara a 2001 don raya babbar manhajar BeOS, yana ba kowane gyara lamba mai farawa da hrev, yana kuma fitar da rahoto duk wata mai faɗin daga wace lamba zuwa wace aka yi me. Shi ya kai matakin gwaji na beta a Satumbar 2018, ya fitar da na biyar a Satumbar 2024.

Akwai abin da allunan nan ba sa nunawa, wato yawan hannuwa da kuɗi. A 2014 ReactOS ta nemi dala 50,000 daga jama'a ta Indiegogo, ta sami kusan rabi. Gudummawa na bi ta wata ƙungiya mai rajista a Jamus, ReactOS Deutschland, wadda kan ɗauki mai gyara aiki na wani lokaci idan aljihu ya yarda. Wani sashe na manhajar mutum ɗaya ko biyu ne suka san cikinsa, in hidimar gida ta ja su sai sashen ya tsaya, ƙorafe-ƙorafensa su yi ta jira. Mai bin sawu da gaske yakan duba sunaye nawa ne suka saka gyara a watannin baya, ba yawan gyaran kaɗai ba.

Har yanzu masu ita da bakinsu suna kiran ta matakin alfa, ma'ana ta gwaji ce, tana iya faɗuwa ta tafi da fayiloli. Bai kamata a ɗora ta a kan kwamfutar da shago ke ci da ita ba, ko wadda takardun makaranta ke ciki. Mai son gwadawa ya nemi tsohon faifai dabam ya sa, ko ya tashe ta daga kwafin LiveCD, wanda ke gudana ba tare da an girka shi a cikin injin ba.